Ginin ofis da jan bulo a Gombe: abubuwan da ake yankewa tun a takardar zane

Tambaya: Ina da fili a bakin titi ta wajen Tumfure a Gombe, ina so in gina ofisoshin haya, ƙasa da hawa biyu a sama. Sha'awata a bar jan bulo a fili, ba filasta ba fenti. Wani magini ya ce in gina da bulon siminti kawai, in an gama sai a jera jan bulon a waje. Haka ake yi? Me ya kamata in nema a wajen mai zane?

Amsa: Alhaji, maganar maginin nan rabinta gaskiya ce. A bene irin wannan ba jan bulo ne zai ɗauki nauyi ba. Filoli da bim da dakin (shimfiɗar da ke raba hawa da hawa), duk na kankare, su ne ƙashin gini, jan bulo riga ce. Inda ya kauce shi ne wajen cewa "in an gama". Filasta tana rufa wa magini asiri: bango ya ɗan karkace, taga ta zarce da inci biyu, a shafe a yi fenti, ba mai sani. Jan bulon da aka bari a fili ba ya rufa wa kowa asiri, kuma gyaransa bayan an gina yana da wuya. Saboda haka girman bulon, inda zai zauna, da hanyar da ruwa zai bi ya fita daga bayansa, duk a takardar zane ake warware su kafin a haƙa rami.

Fara da ƙasar filin. A Gombe da kewayenta akwai wuraren da ƙasarsu laka ce mai kumbura da damina, ta tsuke ta tsattsage da rani, ga kuma zaizayar ƙasa da kowa ya san irin ɓarnarta a garin. Filin maƙwabcinka ba ya ba da shaidar naka. A kira masu gwajin ƙasa su haƙa ko su huda a wurare aƙalla uku, injiniya ya zaɓi irin tushen da sakamakon ya nuna, ko na gindin kowace fila, ko shimfiɗar kankare guda a ƙarƙashin ginin duka. Na fara da wannan ne don jan bulo ba ya jure motsin tushe. Da ƙasa ta ɗan nutse a gefe ɗaya sai ka ga tsaga ta bi gaɓoɓin bulo tana hawa kamar matakala, kuma ko an cike ta tabon yana nan. A kewaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangara zuwa waje, kada ruwan indararo ya riƙa kwanciya a gindin bango. Manyan itatuwa irin dogon yaro a nisanta su da gini idan ƙasar laka ce, domin saiwarsu na zuƙe damshin gefe ɗaya.

Sai fuskar gini. Gombe tana kan digiri 10 da 'yan kai a arewacin tsakiyar duniya, kuma wannan yana da tasirin da masu kwafo zane daga Turai ko Dubai ba sa lura da shi. Daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, rana da tsakar rana tana ɗan karkata arewa. Sauran watanni tana kudu. A Disamba tsayinta da tsakar rana kusan digiri 56 ne ta kudu, a Yuni kusan 77 ta arewa. Ma'anar wannan a aikace: tagar kudu mai tsayin mita ɗaya da rabi tana bukatar rumfa da ta fito kusan mita ɗaya kafin ta sami cikakkiyar inuwa a watan Disamba, ta arewa kuwa santimita 40 ya ishe ta. Gabas da yamma su ne matsala, don ranar safe da ta la'asar a kwance take shigowa, rumfar sama ba ta tare ta. Don haka dogayen ɓangarorin gini su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma, a kuma tura matakala, banɗakuna da ɗakin ajiya can su zama garkuwa. Idan titi ya tilasta fuskar ta kalli yamma, to a nan jan bulo yake nuna amfaninsa: a gina shingen bulo mai ƙofofi, ana tsallake rabin bulo tsakanin kowane biyu, a tsayar da shi santimita 60 zuwa 90 a gaban gilashi. Iska da haske su shiga, zafin la'asar ya tsaya a waje. Irin wannan shinge sai an sa masa ƙarfe a gaɓoɓi an kuma ɗaure shi da dakin sama da ƙasa, injiniya ne zai ba da adadin.

Akwai kuma abin da maginan gargajiya suka daɗe da sani: hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan dukan ruwa da iska. Shi ya sa a ginin ƙasa shi aka fi kula da yaɓensa. A ginin jan bulo ma bangon gabas ne zai fara yoyo idan an yi sakaci.

Faɗin ginin kada ya wuce mita 12 zuwa 14 idan ana so ofisoshi su yi aiki ba wuta. Hasken taga yana shiga kusan ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman tagar daga ƙasa, wato mita biyar zuwa shida. Ofis a dama, ofis a hagu, hanya mai faɗin mita 1.8 a tsakiya, lissafi ya fita. Ginin da ya fi haka kauri tsakiyarsa duhu ne, mai haya zai rayu a kan janareta.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, wato awo. Jan bulon masana'anta da aka fi sani tsawonsa milimita 215, faɗi 102.5, tsayi 65. In an ƙara kwaɓin siminti na milimita 10 a gaɓa, kowane bulo yana cin 225 a tsawo da 75 a tsayi. Layi huɗu, abin da magina ke kira kos, santimita 30 ke nan cif. Mai zanen da ya san aikinsa da waɗannan lambobi yake auna ginin duka. Tsayin hawa ɗaya mita 3.6 layi 48 ne daidai. Tazarar filoli mita 5.4 bulo 24 ne, mita 6.75 bulo 30. Faɗin taga ya zama adadin bulo da ƙarin gaɓa ɗaya, misali milimita 1,810 na bulo takwas. Guntun bangon da ke tsakanin tagogi biyu kuma adadin bulo a cire gaɓa ɗaya, misali 890 na bulo huɗu. Idan aka zana taga mita biyu don lambar ta yi daɗin faɗi, birkila zai riƙa sare ƙananan gutsattsari yana cusawa a gefen kowace taga, daga nesa ido zai kama.

Amma kada a ɗauka bulon da za ka samu lallai wannan girman ne. Masu gasa bulo sun bambanta, har a wuri ɗaya gashin yau da na gobe kan saɓa. Shi ya sa ake zaɓar mai bulo kafin a kammala zane. A ɗauko guda 24 ba tare da zaɓe ba, a jera su baki da baki a auna, a raba, wannan shi ne girman gaskiya da za a ba mai zane.

Gwajin ingancinsa ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. Ka haɗa biyu ka buga: mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, wanda bai gasu ba sautinsa a dushe yake. Ka sake shi daga tsayin mita ɗaya a kan ƙasa mai tauri, bai kamata ya fashe ba. Ka karce shi da farce, kada ya bar alama. Ka fasa ɗaya ka duba cikinsa, launin ya zama ɗaya har tsakiya, ba dunƙulen farar ƙasa a ciki, don irin wannan dunƙule yana kumbura in ya sha ruwa ya ɓantare fuskar bulo. Sannan a auna nauyin busasshe, a jiƙa shi awa 24, a sake aunawa. Wanda ya ƙara fiye da kashi 20 cikin 100 bai dace da bangon waje ba, kuma ga bangon gabas ni na fi son wanda bai kai 15 ba. A ƙarshe a tsayar da 'yan guda a cikin faranti mai ruwa kaɗan har ruwan ya ƙafe, a maimaita. In farin gishiri ya lulluɓe su, haka bangonka zai yi bayan damina ta farko. Ƙarfin ɗaukar nauyi kuwa sai a ɗakin gwaji, kuma jami'o'i da kwalejojin fasaha masu sashen injiniyan gine-gine, irin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, nan ake fara tambaya.

Yadda bangon zai kasance hanya uku ce. Ta farko, bangon jan bulo zalla mai kaurin bulo guda, milimita 215, fuska a waje filasta a ciki. Yana da kyau amma yana cin bulo 120 a kowane murabba'in mita, kuma ruwan da iska ta daɗe tana bugawa yana iya ratsa shi. Ta biyu, a manna siraran yankan bulo kamar tayil a kan filasta. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ke ɓallewa daga hawa na biyu bayan wasu shekaru na zafi da sanyi, a bakin titi kuwa wannan haɗari ne ga mutane. Ta uku ita nake ba da shawara: bango biyu da sarari a tsakani. A ciki bulon siminti mai inci shida, sai sarari na milimita 50, sai jan bulo mai kaurin rabi a waje, bulo 60 a murabba'in mita.

Hikimar sararin nan ita ce an yarda tun farko cewa ruwa zai ratsa jan bulon. In ya ratsa sai ya gangara ta bayansa, ya tarar da ledar hana ruwa da aka shimfiɗa a ƙasa mai gangarowa waje, ya fita ta ƙananan ƙofofi. Ƙofofin nan gaɓar tsaye ce da ake bari ba kwaɓi, bayan kowane bulo huɗu, a layin farko na kowane hawa da kuma saman kowace taga da ƙofa. A sa musu 'yar raga don zanzaro da ƙadangaru. Sararin kuma yana katse zafi, kuma da yake bulo a hankali yake ɗaukar zafi ya kuma saki, zafin azahar ba ya isa ciki sai ma'aikata sun kusa tashi. Abin da ke kashe wannan tsari guda ne: kwaɓin da ke zuba cikin sararin lokacin gini ya taru a ƙasa, ya toshe ƙofofin, ya zama gadar da ruwa ke bi ya shiga ciki. Maganinsa katako siriri da aka ɗaura wa igiya, a ajiye shi cikin sararin ana jawo shi sama ana zubar da abin da ya tara.

Bangon waje ba ya tsayuwa shi kaɗai, ana ɗaure shi da na ciki da ƙananan ƙarafa: kowane santimita 90 a kwance, kowane 45 a tsaye, a saɓa su, kuma a gefen taga da ƙofa kowane santimita 30. Su zama ƙarfen da ba ya tsatsa, ko aƙalla wanda aka yi wa rufin zinki mai kauri, su ɗan sunkuya zuwa waje don ruwa kada ya bi su ya shiga. Wayar ɗaurin rodi da guntayen rodi ba su yi ba. In suka yi tsatsa kumbura suke yi, su ɗaga gaɓa, daga baya su tsinke, bango ya rage ba abin da ke riƙe da shi. Tunda ƙarafan cikin gaɓoɓin bulon siminti suke shiga, ka ga dalilin da ya sa ba a cewa sai an gama.

Nauyi ma sai an lissafa. Jan bulo mai kaurin rabi yana kai kilo 180 zuwa 200 a murabba'in mita, wato kusan kilo 700 a kowace mita ta tsawon bango a hawa ɗaya. Dole injiniya ya san da shi tun farko, ya fito da leɓen dakin ko ya tanadi ƙarfe mai kusurwa da bulon zai zauna a kai a kowane hawa. Bulon ya zauna da aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗinsa.

Ga wani abu da magina da yawa ba su sani ba. Gasasshen bulo daga ranar da ya fito daga wuta yake shan damshin iska yana ƙara girma kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba ya komawa. Kankare da bulon siminti kuwa tsukewa suke yi. Riga tana faɗaɗa, jiki yana raguwa. In aka matse jan bulo tsakanin dakin biyu ba wurin motsi, sai ya turo ciki waje ko gefunansa su farfashe. Don haka ake barin tsaga mai laushi ta milimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin kowane leɓen dakin, da tsagar tsaye a kowace mita 10 zuwa 12, ta farko kada ta wuce mita 6 daga kusurwa. A rawanin gini, wato farafet, gajeren bangon da ke kewaye rufi, da rana ke duka ta fuska biyu, kowace mita 6. Ana cusa soso a tsagar a rufe da roba mai talewa mai launin gaɓa, ba siminti ba. Mai zane nagari yana ɓoye ta a bayan bututun ruwa ko a layin gefen taga. Kuma kada a gina da bulon da ya fito daga wuta jiya, a bar shi ya sha iska makonni.

Kwaɓi kada ya fi bulo ƙarfi. Mutane na ganin yawan siminti shi ne inganci, alhali kwaɓi mai tsananin ƙarfi ba ya ba da kai, in motsi ya zo bulon ne zai fashe maimakon gaɓa. Awo ɗaya na siminti, ɗaya na farar ƙasar gini, shida na yashi shi ne mafi dacewa. In farar ƙasar ba ta samu ba, ɗaya da biyar ko shida tare da ruwan maganin laushin kwaɓi da ake sayarwa. Buhu ɗaya kwanon lebura biyu ne, don haka kwano 10 zuwa 12 na yashi. A hana zuba garin sabulun wanki, yana raunana kwaɓi. Launin gaɓa kusan kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ido ke gani a bango, saboda haka siminti iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ko na Ashaka ne ko wani, yashi daga wuri ɗaya, a tankaɗe, a auna da kwano ba da shebur ba. A cika gaɓoɓin tsaye taf, don nan ruwa ya fi shiga. A goge gaɓa da guntun tiyo ko rodi mai milimita 12 ta ɗan lotsa ta yi santsi. Gaɓar da aka ƙwaƙule ta yi zurfi tana da kyau a hoto, amma tana tara ruwa da ƙurar hunturu.

Lokacin aiki yana da nasa hukunci. Da hunturu da bazara busasshen bulo yana zuƙe ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, washegari ka murza gaɓa da yatsa ta zube. A jiƙa bulo tun da wuri, a bar fuskarsa ta tsane kafin a ɗora, a riƙa yayyafa wa bango ruwa kwana bakwai. Da damina kuma a rufe saman sabon bango da leda kowace yamma. Kada a hau fiye da mita ɗaya da rabi a rana. A riƙa ɗiban bulo daga tari uku ko huɗu a lokaci guda, in ba haka ba bango zai fito da faci-faci na launi. Kafin a fara, birkila ya gina bangon gwaji na mita ɗaya da rabi a gefe, kai da mai zane ku amince da shi, ya zama ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi.

Don ka san abin da za ka tanada: gini mai mita 30 da 12, hawa uku masu 3.6, bangonsa na waje kusan murabba'in mita 900 ne. Cire kashi 30 cikin 100 na tagogi da ƙofofi, ƙara rawani mai santimita 90, za ka samu kusan 710. Sau 60, bulo dubu 42 da ɗari shida. Ƙara kashi 10 na fashewa a mota da yanka, kusan dubu 47. Siminti buhu uku zuwa huɗu a kowane bulo dubu. A saye shi gaba ɗaya, don cikon da za a nemo daga baya da wuya launinsa ya zo daidai.

Yawancin baƙin tabon da ake gani a irin waɗannan gine-gine daga sama yake farawa. Rawani ya samu hular kankare ko ta ƙarfe mai gangara zuwa cikin rufi, ta zarce bango da santimita 4 zuwa 5, da 'yar kwarya a ƙarƙashin leɓenta inda ruwa zai ɗiga ya faɗi. Dakalin kowace taga ma haka. A ƙasa, ledar difisi, wato ledar da ke hana damshin ƙasa hawa bango, ta zauna aƙalla santimita 15 sama da daɓen waje. Wurin zaman na'urorin sanyaya ɗaki da bututun ruwansu a zana shi tun yanzu, in ba haka ba kowane mai haya zai huda bangonka ya rataya tasa, ruwanta yana tsiyaya a kan bulo. Wurin alwala a yi masa tayil da magudana nesa da jan bulo, masallacin ya fuskanci gabas maso arewa, banɗakuna kuma a kauce wa alƙibla da su tun a zane. Janareta ya yi nesa, hayaƙinsa yana baƙanta bulo.

In farin gishiri ya fito a shekarar farko, a bari bango ya bushe a goge da busasshen buroshi, yawanci yana ƙarewa da kansa. Kada a wanke da asid mai ƙarfi, yana cin gaɓa. Kada kuma a shafa banish don ƙyalli: yana kulle damshi a ciki, rana ta dafa shi, ya yi fari ya riƙa saɓulewa.

Abin da za ka nema a hannun mai zane, bayan ka tabbatar yana da rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Nijeriya, injiniyan kuma ta COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, kuma zanen zai bi ta hukumar tsara birane ta jiha don amincewa: matakala biyu a nesa da juna saboda gobara, gangaren keken guragu da bai fi ɗaya cikin 12 tsayi ba a ƙofar shiga, da zanen kowace fuska da ke nuna layukan bulo da wuraren tsagar motsi. Sannan manyan zane-zane na wurare biyar: gindin bango, bakin dakin, saman taga, dakalin taga, da hular rawani. In waɗannan biyar ba sa cikin takardun da ya miƙo maka, ka mayar masa ya ƙarasa kafin ka biya kuɗin bulo.